Malamin jami'a mai kan sana'a: me ya sa basirarsa ba ta zama a sashe?

Malamin_Malali
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in kawo shi nan tunda akwai malamai, akwai ɗalibai, akwai 'yan kasuwa. Tun wajen 2007 aka wajabta wa kowane ɗalibin jami'a a ƙasar nan darasin koyon sana'a da dogaro da kai, ko likitanci yake karantawa ko Larabci. Kullum sai ka ji ana cewa malaman jami'a ba su san kasuwanci ba, ta yaya za su koyar da shi. Ni ban yarda ba. A sashenmu kaɗai akwai mai gonar kaji a hanyar Kachiya, akwai mai makarantar firamare a Rigasa, akwai wanda ke haɗa wa mutane sola. Mutane ne masu hango dama tun kafin kowa ya farga, ba sa tsoron zuba kuɗinsu, kuma in abu ya ƙi nan take suke sauya dabara. Amma da sun shigo ƙofar makaranta sai su zama wasu mutane daban. Lacca da takardar da ta yi jawur don tsufa, taron sashe a zauna shiru, a sa hannu, a watse. Me ya sa basirar malami ba ta zama basirar sashensa? Daga mu ne ko daga tsarin?

Abu_Hanif82
Wa alaikumus salam. Malam, ai amsar a fili take, albashi. Ka tuna 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba ana yajin aiki, wata takwas babu ko sisi. Duk wanda ya fita da mutuncinsa a wannan lokacin, gonarsa ce ko shagonsa ya rufa masa asiri. Yanzu ka ce ya kwashe ƙarfinsa ya ba wurin da ya bar shi da yunwa?

Gimbiyar_Kawo
Gaskiya ne wallahi. Mijin yayata lakcara ne, motarsa ya mayar ta haya a lokacin, Kawo zuwa Zariya.

Hajiya_Kimiyya
Abu_Hanif, ba na musun maganar albashi, ni ma a cikinsa nake. Amma ko gobe aka ninka mana albashi sau uku, abin da Malamin_Malali yake faɗa ba zai gyaru ba, don akwai asarar da muke yi wadda ba ta kuɗi ba ce. A ɗakin gwaje-gwajenmu akwai wata na'urar auna sinadarai da aka kashe maƙudan kuɗi aka sayo. Mutum ɗaya ne ya san kanta, wani dattijon ma'aikacin fasaha. Shi ya san sai an bar ta ta yi ɗumi kafin a saka samfuri, shi ya san wane bututu ne ke toshewa in hunturu ya shigo da ƙura, shi ya san mai gyaran da ake kira daga Legas da lambarsa. Duk wannan yana cikin wani ɗan littafi mai baƙin bango da yake sakawa a aljihun gaban rigarsa. Da lokacin ritayarsa ya yi, aka yi masa walima, aka ba shi agogon bango, ya koma garinsu da littafinsa. Babu wanda ya yi tunanin a haɗa shi da matashi ɗaya su zauna tare kafin ya tafi. Yau na'urar tana nan lulluɓe da leda, ɗalibanmu suna ɗaukar samfuri su kai wani wuri su biya. Wannan ba rashin albashi ba ne. Sashen ne bai san abin da ya sani ba, sai da ya fita ta ƙofa.

DanPanteka
Ranki ya daɗe Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ban yi jami'a ba, walda da ƙira nake yi a Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna. A wajenmu ba yadda za a yi oga ya tsufa da sirrin aiki a cikinsa, don yaro yana gefensa tun yana miƙo sifana har ya fara riƙe wuta da kansa. Amma bari in ba ku labarin da zai ba ku dariya. Duk shekara ɗaliban injiniya daga makarantu daban-daban suna kawo mana zanen furojet ɗinsu mu ƙera musu, injin ɓarar gyaɗa, injin surfen masara, irin waɗannan. Sai ka duba zanen ka ga shaft ɗin ya yi siriri, in aka ɗora masa nauyi zai lanƙwashe. Mu gaya wa yaro, mu gyara masa, ya tafi ya ci jarrabawa. Baɗi wani ya zo da zanen nan dai, kuskuren nan dai, har lambar da aka rubuta ba daidai ba tana nan inda take. Wato gyaran da muka yi bai taɓa komawa makaranta ba. Yaron ya koya, makarantar ba ta koya ba.

Injiniya_Sabo
DanPanteka ka tona mana asiri, amma ba ka yi ƙarya ba. Sai dai a yi adalci, an ɗan fara motsi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar Panteka lokacin da Farfesa Idris Bugaje yake shugabanta, don a tantance ƙwarewarsu a ba su takardar shaida, kuma da ya koma NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, a 2021 ya ci gaba da tura wannan magana. Abin da ya rage shi ne ilimin ya riƙa gudana ta ɓangare biyu. Ba mu je mu ba su satifiket kawai ba, su ma su shigo aji su gaya mana inda zanenmu yake karyewa.

Ɗalibar_Bincike
Salamu alaikum iyayena malamai. A kan wannan fanni nake rubuta kundina, don haka ku ba ni dama in ɗan tsawaita. Masu nazarin harkar suna ware wasu halaye da ake yawan gani ga mai ƙirƙiro sana'a: ƙishin cimma abu, iya ɗaukar kasada da lissafi ba ta ganganci ba, fara aiki ba sai an ba shi umarni ba, jure rashin tabbas, da kuma yarda cewa ƙoƙarinsa yana da tasiri a kan sakamako. Waɗannan na mutum ɗaya ne. Koyon ma'aikata kuwa, wato yadda wurin aiki gaba ɗaya yake koyo, abu ne daban: a samo ilimin, a yaɗa shi ga sauran, a zauna a fahimce shi tare, sannan a adana shi inda wanda zai zo daga baya zai same shi. Labarin Hajiya a mataki na ƙarshe ya faɗi, na DanPanteka kuma tun a na biyu.

Sannan akwai wani bambanci da masana biyu, Argyris da Schön, suka fitar a 1978 wanda nake ganin shi ne ciwonmu. Ma'aikata tana iya gyara kuskure ba tare da ta taɓa tambayar dalilin da ya haifar da shi ba. Misali ɗalibai sun faɗi wani kwas da yawa, sai a ce a ƙara darasin bita ko a ɗaga maki, shi ke nan. Koyo mai zurfi shi ne a tsaya a ce, shin abin da muke koyarwa a kwas ɗin nan ma shi ake bukata, kuma haka ya kamata a auna shi? Irin wannan tambayar tana taɓa manya, shi ya sa ba a cika yin ta ba.

Ustaz_Tudunwada
Malama, wannan na cewa mutum ya yarda ƙoƙarinsa ne ke kawo sakamako, a yi hattara da shi. Arziki na Allah ne.

Ɗalibar_Bincike
Haka ne Ustaz, Allah ya ƙara ilimi. Ba ana nufin a cire ƙaddara ba. Kai ka fi ni sanin hadisin mutumin da ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Wanda ake zargi shi ne mai cewa ba abin da zai canza a makarantar nan, ya naɗe hannu tun bai gwada ba.

Ustaz_Tudunwada
To madalla, in haka ne ba mu da saɓani.

Lauyan_Barnawa
Ina karanta ku tun ɗazu, kuma akwai abin da kowa ya tsallake. Malamin_Malali, abokan aikin nan naka uku da ka lissafa, mai kaji ne kaɗai zai iya faɗar sana'arsa da babbar murya. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar inda aka zayyana ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci ko wata sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Malaman jami'o'in gwamnati suna cikin waɗanda abin ya shafa. Shi ya sa za ka ga makarantar da sunan matarsa aka yi mata rajista, kamfanin solar da sunan ƙaninsa. To mutumin da yake ɓoye abu, ta yaya zai tashi a taron sashe ya ce ga abin da na koya a kasuwa? Kuna neman ya raba ilimin da in ya furta shi zai iya jawo masa takardar tuhuma.

Abu_Hanif82
Kun ji ko! Ga yunwa ga doka.

Malamin_Malali
Barista na gode, wannan babban batu ne. Amma ko mai kajin da doka ta yarje masa, ban taɓa jin an ce ya zo ya yi wa ɗalibai bayanin yadda yake lissafin abinci da magani ba, alhali 'yan aji uku suna can suna haddace ma'anar riba da faɗuwa daga littafi.

Baba_Mai_Ritaya
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Da farko ina jin tsoron yadda ake son mayar da kowane malami ɗan kasuwa. Jami'a ba Kasuwar Barci ba ce. Akwai malamin tarihi, akwai na lissafi zalla, wanda amfaninsa ba zai taɓa bayyana a rasit ba, kuma in babu shi babu jami'a. Ƙwazon da ya kamata a nema a wurin malami shi ne ya ga matsala ya tasar mata, ko da kuɗi a ciki ko babu.

Na biyu, kada ku ɗauka ba mu taɓa iya wannan abu ba. Ku je Samaru ku ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR. Tushenta tun 1922 ne, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk irin da kuka ji sunansa ya fara da SAM daga can ya fito: SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake, SAMCOT na auduga. Waken nan SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso a 2019 aka sake shi ga manoma. A Shika kuma cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI ta fitar da kazar Shika Brown. Fitar da iri ɗaya yana cin shekaru, sau da yawa wanda ya fara ba shi ke ƙarasawa ba. Me ya sa aikin bai mutu ba? Saboda akwai littafin gona da ake rubuta komai a ciki, akwai rumbun ajiyar iri, akwai taron shekara-shekara da kowa zai tsaya gaban 'yan'uwansa ya faɗi abin da ya shuka da abin da ya samu, har wanda bai yi ba, a yi masa tambayoyi masu zafi. Matashi yana bin babba cikin gona da rana tsaka. Ba wani sihiri a ciki. Tsari ne da ya sa sanin mutum ɗaya ya zama na gida.

Hajiya_Kimiyya
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan na faɗar abin da bai yi ba shi ne ba mu da shi. A wurinmu in gwajinka ya rushe sai ka binne shi, don kada a ce ba ka iya ba. Bayan shekara biyu wani ya sake faɗawa ramin.

Dakta_Ba_Suna
Ku daina kewaye-kewaye. Ku ɗauko takardar ƙarin girma ku duba inda maki yake. Maƙala a mujalla, maƙala a mujalla, sai halartar taro. In na ɓata shekara uku ina ƙera injin busar da tumatir har manoman Ikara suka karɓe shi, wanda ya zauna a ofis ya fitar da maƙala shida a mujallun nan na biya-a-buga zai riga ni zama babban lakcara. In na zauna na koya wa ƙaramin malami yadda ake rubuta neman tallafin bincike, wannan ko layi ɗaya ba shi da shi a fom. Mutum ba mahaukaci ba ne, inda ake ba da maki can yake zuba ƙarfi.

TsohonƊalibi_09
Ni dai kasuwancin da na ga wasu malamai sun ƙware a kai shi ne handawut. Ka saya a rubuta sunanka, ba ka saya ba ka san sauran. Wannan ma ai hangen dama ne ko?

Gimbiyar_Kawo
Hahaha, kai ba ka da dama.

Dakta_Ba_Suna
Ƙanena, wannan ba sana'a ba ce, ƙwace ne, kuma makarantu da yawa sun hana. Kada ka shafa wa kowa kashin kaji.

Shugaban_Zaure
Jama'a a kiyaye, ba ma son a kama sunan wani malami ko wata makaranta a kan zargi. A ci gaba.

Maman_Ilham
Akwai wata fuska da maza ba za su gani ba. Kuna ta maganar taron sashe, alhali ainihin ilimin aiki ba a nan ake raba shi ba. Wane tallafi ne aka buɗe, wa za ka gani a wane ofis, yaya ake cike fom ɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ba a dawo maka da shi ba, duk wannan a majalisar bayan Magariba ake faɗarsa, ko a ƙarƙashin bishiya wajen mai shayi, ko a mota in an haɗu za a je ɗaurin aure. Mu a lokacin muna gida muna fama da yara da tukunya. Sai ki ji labarin tallafi saura kwana biyu a rufe. Kuma in ana neman masu kan sana'a, ku leƙa adashen malamai mata da ƙungiyar taimakon juna ku ga yadda ake juya kuɗi ba a taɓa jin kansu ba. Ba a taɓa tambayarmu yadda muke yi ba.

Hajiya_Kimiyya
'Yar'uwa kin gama magana. Mu da kanmu muka buɗe zauren WhatsApp na malamai mata, duk wadda ta ga sanarwa ta jefa. Ya fi allon sanarwar tsangaya aiki nesa ba kusa ba.

Akawun_Gwamnati
Ni a ɓangaren kuɗi nake aiki, kuma na san mu ake zagi a zuci. Bari in faɗi yadda abin yake daga cikin ofis. Tun da aka tilasta asusun bai-ɗaya na TSA a 2015, kuɗin da hukumar tarayya ta samu ba ya zama a hannun sashe. A ce sashen kimiyyar abinci ya fara yin yogot yana sayarwa. Kuɗin ciniki ya shiga asusu. Gobe ana bukatar madara da sukari, sai an rubuta takarda, shugaban sashe ya sa hannu, ta je wajen shugaban tsangaya, ta je odit, ta zo wurinmu. Kafin ta fito farashin sukari ya tashi, mai sayen yogot ya koma wani wuri. Ba mugunta muke yi ba. An gina tsarin ne don hana sata, ba don a yi ciniki ba, kuma in na saki kuɗi ba bisa ƙa'ida ba ni za a kama. Mai shago in ya yi asara ya koyi darasi. Malami in ya yi asarar kuɗin gwamnati kwamiti za a kafa masa. Wa zai ɗauki kasada a haka?

Na_Kakuri
Duk kun manta abu ɗaya. Ko malamin ya ƙirƙiro, wa zai saya? Ni a Kakuri na tashi. Masaƙar KTL tun 1957 take, ga Arewa Textiles, ga UNTL, ga Nortex, ga kamfanin Peugeot da aka buɗe a 1975. In aka tashi aiki da yamma kekuna sai sun rufe titi. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi. A da ɗalibi yana zuwa koyon aiki a masana'anta ya dawo ya ba malaminsa labarin sabon inji. Yanzu ina zai je? Malami ba zai koyi abin da masana'anta ke so ba in babu masana'antar.

Yar_Kachiya
Yayana Na_Kakuri, masaƙa ta tafi amma matsala ba ta ƙare ba, kuma ai matsala ita ce kasuwar mai bincike. A 2023 cuta ta cinye mana citta a Kachiya da Jaba da Kagarko, mutane suka yi asarar da har yau wasu ba su farfaɗo ba. A 2016 tsutsar tumatir ta sa sai da jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci. Ga kamfanin abincin kaji na Olam a hanyar Abuja tun 2017 yana neman masara da waken suya. Abin da manomin citta yake so shi ne iri mai tsabta da wanda zai gaya masa me zai yi wa ƙasarsa kafin ya sake shukawa. Wannan bai isa aikin sashe guda ba?

Bature_Ɗan_Zazzau
Daga nan ƙasar waje nake bin ku. Abin da ya sauya lamarin a Amurka doka ce, ta Bayh-Dole a 1980, wadda ta ba jami'o'i damar mallakar abin da aka ƙirƙiro da kuɗin gwamnati, kuma ta ce a ba mai ƙirƙirar kasonsa. Tun kafin nan ma a Stanford, Farfesa Terman ne ya ƙarfafa wa ɗalibansa Hewlett da Packard gwiwa suka kafa kamfani a 1939. A Najeriya NOTAP, hukumar bunƙasa fasaha, ta buɗe ofisoshin kare ƙirƙira a jami'o'i da dama. Malamai nawa ne a nan suka san ƙofar ofishin?

Abu_Hanif82
Yallaɓai a bar maganar Amurka. Tun Afrilun 2024 da aka kai wutar rukunin A, wato na waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, makarantu ke kashe wuta da rana don ba za su iya biya ba. Mutum yana neman inda zai yi cajin kwamfuta kana kawo masa Stanford.

Alhajin_Kwari
Ni ɗan kasuwa ne, kuma ra'ayina daban. Kan kasuwanci gado ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ku duba zuri'ar Alhassan Ɗantata, daga fataucin goro zuwa yau. Wanda bai tashi a ciki ba, ko digiri goma ya yi, in ka ba shi shago wata shida ya karye.

Ɗalibar_Bincike
Alhaji, ranka ya daɗe, ni kuma sai nake ganin misalinka hujjarmu ce. Yaron gidan fatake ba a jini ya sha ba, tun yana ƙarami yake zaune a rumfa yana jin yadda ake taya kaya, yana ganin wanda ake ba bashi da wanda ake hanawa. Gidan ne yake da hanyar miƙa sani daga babba zuwa ƙarami. Abin da Baba ya faɗa game da Samaru ke nan, abin da DanPanteka ya faɗa game da oga da yaronsa ke nan.

Alhajin_Kwari
To me ya sa a gida ɗaya wani ya iya wani bai iya ba, rumfa ɗaya suka zauna?

Ɗalibar_Bincike
Nan kam akwai hali na mutum, ban musa ba.

Malamin_Malali
Mun yi nisa, bari in dawo da mu. Na ji albashi, na ji doka, na ji ƙarin girma da TSA, kuma duk ba a hannunmu suke ba. Amma ga wani abu da aka damƙa mana a hannu. A Disambar 2022 hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fito da sabuwar manhajar CCMAS, ta tsara kashi 70, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Nan ne ya kamata citta da fata da ƙirar Panteka su shiga aji. A wurare da yawa da na sani, an ba mutum biyu aikin a gurguje, suka leƙa na wata makaranta suka sauya suna. Ba wanda ya ce mai kaji ko mai sola su zauna a kwamitin. Wannan kam ba gwamnati ce ta hana mu ba.

Injiniya_Sabo
Mu mun taɓa gwada wani abu. Wani shugaban sashe da muka yi ya ware ɗan lokaci a ƙarshen kowane taro, mutum ɗaya ya tashi ya faɗi abin da ya gwada a aji ko a bincike da yadda ta kaya. Shi ya fara da kansa, da wani aikinsa da ya rushe, sai kowa ya saki jiki. Har fayil aka buɗe. Wa'adinsa na shekara biyu ya cika, wanda ya gaje shi ba sa ga-maciji, abu na farko da ya soke ke nan. Fayil ɗin ban san kabad ɗin da yake ciki ba yanzu.

Baba_Mai_Ritaya
Shi ya sa ba a barin irin wannan a hannun kirkin mutum ɗaya. A kai shi majalisar tsangaya a mayar da shi ƙa'ida a rubuce, ya zama sabon shugaba sai ya kawo hujja kafin ya taɓa shi.

Dakta_Ba_Suna
Baba, da girmanka, ƙa'idoji nawa ne a rubuce da ba a bi? Ni dai ina nan kan bakana, a sa masa maki a fom ɗin ƙarin girma ku ga yadda za a yi layi.

Maman_Ilham
In an sa maki kuma sai a fara ƙirƙiro rahoton ƙarya, kamar yadda aka yi da mujallu.

DanPanteka
Hajiya_Kimiyya, na'urar nan taku, in da hali ki ɗauki hoton farantin da ke bayanta mai lambobi ki turo mini ta akwati. Akwai wani yaro a layinmu da yake gyaran kayan asibiti, ba mamaki ya gane kanta. Kuma dattijon nan in yana raye, me zai hana a tura mota a ɗauko shi ko na sati ɗaya ne?

Hajiya_Kimiyya
Yana raye, Malam. Zan gwada maganar a taro mai zuwa, sai dai kuɗin man ma sai ya bi ta teburin su Akawu.

Akawun_Gwamnati
Hajiya ki rubuta shi a matsayin horar da ma'aikata, ya fi saurin fita.

Abu_Hanif82
Barista kana nan? Noman da kundin ya halatta, kiwon kifi yana ciki? Akwai wani fili da nake dubawa a Mando.